Tabkin da ake takawa da gulbin da ake tsallakewa

Daga Gidan Rumji har Gazawa, duk tsawon babbar hanyar kwalta mai lamba 1, babu tsohon da zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa ganin tabki ya daskare. Ƙanƙarar da jama'ar wannan yanki suka sani iri biyu ce: wadda yara ke talla cikin leda a watan azumi, da wadda takan zubo tare da hadari ta yayyaga ganyen hatsi. A tsakiyar ɗari, wato watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan tara mutane a bakin wuta, amma ruwan randa ruwa yake kwana, ruwa yake wayar gari. Sai wanda ya hau duwatsun Abzin ne zai tarar da ruwan ƙwarya ya yi ɓawo cikin dare. Saboda haka zancen tabkin da mutum zai taka da ƙafa, har ya yi gudu bisansa iska na janye da shi, ya fi kama da tatsuniya a kunnen ɗan kasuwar Agye ko ma'aikacin Tibiri.

Duk da haka, a Gazawa akwai wani dattijo da ya mai da wannan zance abin nazari. Tsohon ma'aikacin hanyoyi ne, ya yi shekaru wajen talatin yana bin hanyoyin birji na ƙasar Agye da ta Gidan Rumji, yana cike ramuka, yana gyaran magudanai, kamin ya aje aiki. Autansa ya tafi karatu birnin Monreyal, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, kuma a can ne abokan karatu suka koya masa wani wasa da ake yi lokacin sanyi. Mutum yakan ɗaura alluna biyu dogaye masu santsi a ƙafa, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya saki wata babbar laima sama da igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25. Iska ta cika laima, laima ta ja mutum, shi ke nan sai zamiya bisa tabkin da ya daskare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi. Yaron ya riƙa aiko wa mahaifinsa hotuna masu motsi ta salula, yana tsammanin gudun ne zai ba tsohon mamaki. Shi kuwa gudun bai dame shi ba. Tambaya ɗaya ya yi, irin ta mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin mashigi: «To, wa ya ce muku wurin zai ɗauke ku?»

Yadda ake zaɓen tabki

Amsar wannan tambaya ta zo gutsure-gutsure, cikin hirar daren Lahadi, har sanyin shekarar ya wuce. Abin da dattijon ya fara fahimta shi ne, lokacin da masu wannan wasa ke ɓatawa wajen neman tabki ya fi wanda suke ɓatawa wajen wasan kansa. Ruwa yana da wata ɗabi'a da Allah ya keɓe shi da ita: yakan kai iyakar nauyinsa a digiri 4, in ya ƙara sanyi sai ya yi sauƙi ya taso sama. Dalili ke nan da ya sa tabki ke daskarewa daga bisa, alhali ruwa na nan a ƙasa da kifayensa. Bakin gaɓa da lungunan da ba su da zurfi su ne ke fara kamawa, tsakiya mai zurfi ita ce ta ƙarshe. Ashe ke nan ƙarfin ƙanƙara a bakin tabki ba ya zama shaida kan ƙarfinta a tsakiya.

Bayan wannan sai launi. Ƙanƙara mai haske kamar kwalba, wadda takan yi duhu-duhu ko shuɗi-shuɗi, ita ce mai ƙarfi. Fara, wadda ta samu daga dusar da ta jiƙe ta sake daskarewa, rabin ƙarfin waccan gare ta, don haka akan ninka kaurin da ake nema. Mai ruwan toka kuwa alama ce ta jiƙe har ciki, ba a taka ta. Ita kanta dusar, wadda ke sa tabki ya yi kyaun gani, bargo ce: tana hana sanyi ratsawa, sai ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta ta yi jinkirin kauri, tana kuma rufe tsaga da rami. Sannan duk inda ruwa ke motsi a ƙasa, bisa ba ya kauri: mashigar rafi da mafitarsa, matsatsi tsakanin tsibirai, gindin gada, wurin da idon ruwa ke ɓuɓɓugowa, da cikin ciyayi. Tabkin da yaron ya fi zuwa, wanda ake kira Deux-Montagnes, yamma da Monreyal, asalinsa kogin Ottawa ne ya sami fili ya baje, wato ruwa ne mai tafiya. Mutanen wurin sukan buɗe hanyar mota bisa ƙanƙararsa tsakanin garuruwan Oka da Hudson, kimanin kilomita 2, amma sai an auna an tabbatar, kuma akwai shekarun da sanyi ke kasawa, ba a buɗe ta ko da kwana ɗaya.

Awon nan shi ne ya fi kama hankalin tsohon. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge a Kanada ta tsai da ƙa'ida: kaurin santimita 15 don mutum guda mai tafiya, 20 don taron jama'a, 25 don babur ɗin da ke tafiya bisa dusa. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota a Amurka, mai dubban tabkuna, tana neman santimita 23 zuwa 30 kamin ƙaramar mota ta hau, gwargwadon girmanta. Tana kuma gargaɗin a riƙa huda ƙanƙarar ana zura ma'auni duk bayan mita 45 ko makamancin haka, domin wurin da ya ɗauki mutum nan yana iya kasa ɗaukarsa can gaba kaɗan. Kuma kauri kaɗai bai isa ba. A ƙarshen sanyi, wajen watan Maris, rana takan ratsa ƙanƙara ta rarake ta, sai a sami mai kaurin kamu guda wadda ta ruɓe ciki kamar azarar da gara ta ci.

In ƙasa ta amsa, saura sama

Wanda ya sami tabki mai ƙarfi ya ci rabin jarrabawa ne kawai, domin sauran rabin yana wurin iska. Laima tana son iska mai tafiya bai-ɗaya, kamar daga kilomita 15 zuwa 35 a awa. In ta kasa haka laima ta faɗi, in ta zarce sai a sauya ƙarama, don babbar laima ta ranar iska kaɗan ce. Wadda ake tsoro ita ce mai zuwa da fizga, yanzu tsit, an jima ta taso da ƙarfi, domin takan ɗaga mutum sama ta maka shi bisa wuri mai taurin siminti. Itatuwa da gidaje da tuddai su ne ke yamutsa iska, kuma ɓarnarsu takan kai nisan da ya ninka tsawonsu sau goma ko fiye. Saboda haka ake neman tabki mai faɗi, a nisanci gaɓar da iska ke fitowa, a kuma duba abin da ke jiran mutum a gaɓar da take dosa, ko wayoyin lantarki ne, ko duwatsu, ko ruwan da bai daskare ba.

Akwai kuma maganar dawowa. Iskar da ta kai mutum kilomita 10 cikin ƴan mintoci tana iya ɗaukewa da faɗuwar rana, ta bar shi a tsakiyar tabki da ƙafafunsa, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Don haka ba a fita ba a sanar da wani ba, ba a kuma fita ba igiya, ba wasu ƙusoshi biyu masu ƙota da ake ratayawa a wuya don kama bakin ƙanƙara in an rufta. Wani malamin jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, wanda ya daɗe yana binciken abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, ya taƙaita al'amarin da lambobi uku: minti 1 na farko mutum ya mallaki numfashinsa, minti 10 ne hannuwa ke da sauran amfani, sannan kimanin awa 1 kamin hankali ya gushe. Kuma ana fita ne ta inda aka fito, domin wannan ƙanƙarar ce kaɗai aka riga aka ga ta ɗauki mutum.

Kada mai karatu ya ɗauka abin duk wasan yara ne. Daga Nuwamban 1996 zuwa Janairun 1997, wani ɗan ƙasar Norway, Børge Ousland, ya ratsa nahiyar Antatika shi kaɗai, kilomita 2,845 cikin kwana 64, yana jan kayansa, yana ɗaga laima duk ranar da iska ta ba shi dama. A tudun Hardangervidda na ƙasarsu, inda babu itace sai fili da tabkuna, an sha yin tseren da ya zarce kilomita 100, inda ɗaruruwa ke tashi, ƴan kaɗan su kai, sau da yawa don iska ta juya musu baya. Ko a nahiyar Afirka an taɓa gwada makamancin haka bisa rairayi: a 1967 wani hafsan sojan Faransa, Jean du Boucher, ya jagoranci ayarin kekuna masu tanti irin na jirgin ruwa daga Bashar ta Aljeriya zuwa Nuwakshot ta Muritaniya, fiye da kilomita 2,000, iskar Sahara na tura su.

Da dattijon ya gama sauraron bayanin iska, sai ya yi dariya ya ce wa ɗan nasa: «Ai iskar shiƙa kuke nema, da ka tambayi uwarka.» Gaskiya ya faɗa. Mace a masussuka ba ta ɗaga ƙwarya sai ta ji iska ta daidaita. In ta yi rauni ƙaiƙayi ya sauka tare da tsaba, in ta yi yawa tsaba ta bi ƙaiƙayi, in ta zo da guguwa a rufe hatsi a zauna. Ya kuma lura da cewa abin da mai laima ke gudu shi ne manomin ƙasar Agye ya yi shekaru arba'in yana reno. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya mai aiki a Maraɗi, ya soma jan hankalin manoma su bar tohon kututture ya girma a gona, sassaben zamani ya bazu, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi. Gawo da kalgo da sabara da suka tashi a gonaki su ne ke karya iskar da a da take binne shuka da rairayi. Iska ɗaya ce, kowa da abin da yake nema a wurinta, amma babu mai cin amfaninta sai wanda ya san halinta.

Lambobin da suka yi kama

Abin da ya hana tsohon barci ya zo daga baya, ranar da ya jera lambobin ƙanƙara kusa da waɗansu lambobi na ruwa mai gudu. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana koya wa jama'arta cewa ruwa mai gudu na santimita 15 yana iya kada babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da akasarin motoci har manya-manya. Wato kaurin da ke ɗaukar mutum in ruwa ya daskare, shi ne zurfin da ke kada shi in ruwa na gudu. Kaurin da ke ɗaukar mota a tabkin Minnesota, shi ne zurfin da ke tafiya da ita a ƙoramar ƙasar Gobir. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ruwan da ya cika akwati mai mita guda ta kowane ɓangare, nauyinsa tan guda ne, wato buhu goma na kilo 100. Mai mota ya san abin da buhu goma ke yi wa amalanke, amma yakan manta ruwan da ke dukan gefen motarsa buhuna ne bisa buhuna, ba sa kuma ƙarewa.

A nan ne dattijon ya gane cewa tabkin ƙanƙara yana da ƴan'uwa a ƙasar Maraɗi, kuma shi da kansa ya yi shekaru talatin yana karanta su. Na farko shi ne tabkin da ya janye bayan kaka. Bisansa yakan bushe ya tsattsage, ya yi fari kamar daɓe, alhali taɓo na nan a ƙasa. Mai amalanke ko direban da ke son yanke hanya ta fadama yakan ga fili shimfiɗe ya shiga, sai ƙafa ta fasa ɓawon ta nutse har cibiya. Makiyayi bai cika faɗawa wannan tarko ba, domin yana duba launin laka, yana duba zurfin sawun shanu, yana kuma caka sanda kamin ya kora garke. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne mashigi a tsakiyar damana.

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina a Najeriya, inda ake kiransa kogin Gada. Yana shigowa Nijar ta wajen Nyelwa, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Rabin shekara da ɗoriya yashi ne ake tafiya bisansa, amma a 1945 ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mai da birnin bisa tudun da yake yanzu. Gulbin Kaba, mai ƙasar goruba, ya fi shi barci, amma ƙoramun da ke gangarowa cikin kwarurukan ƙasar Gazawa da Agye suna iya cika cikin awa guda. Hatsarin waɗannan ruwaye shi ne, sau da yawa baƙi ne. Sama tana iya zama garau a inda mutum yake tsaye, alhali hadarin da ya sauka jiya a wata ƙasa yana tafe a cikin gulbi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya bisa kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, zuwan ruwan ya ƙara fita daga lissafin tsofaffi, domin yanzu akwai hannun mutum a ciki. Kuma a damanar 2024, lokacin da ambaliya ta hallaka fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, wasu gini ya faɗa musu, wasu ruwa ya tafi da su, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi yin rashi.

«Jiya motar wane ta wuce»

Akwai wata rana da tsohon ba ya son tunawa, ba ya kuma iya mantawa. A wata damana, a wani mashigi na ƙasar Gidan Rumji inda aka shimfiɗa siminti a gindin ƙorama, abin da ma'aikata ke kira radiye, ya tarar da babbar mota shaƙe da buhunan wake. Kwana uku ba a yi ruwa a ƙauyen ba. Amma ruwan ƙoramar ja ne, yana kumfa, yana ɗauke da karmami da rassa. Ya kafa kara a bakin ruwan, ya koma gindin itace inda ake dafa shayi. Kamin a sauke na biyu, ruwa ya hau karan da yatsa uku.

Ya je wurin mai kayan ya ce: «Alhaji, a yi haƙuri a kwana nan. Ruwan nan ƙaruwa yake, kuma ba a ganin bakin simintin.» Alhajin ya amsa da ladabi: «Mushe, jiya-jiya motar wane ta wuce nan lafiya lau. Gobe kasuwa ce. In na kwana, wasu su sayar, ni in je kwasar ragowa.» Direban ya san gaskiyar maganar, ya dubi ruwa, ya dubi ƙasa, ya ce: «Maigida, yadda ka ce.» Ruwa ya riga ya rarake ƙarƙashin simintin ta ɓangaren gangare. Ƙafar baya ta zame, motar ta kwanta a gefe. Samarin ƙauyen suka fid da Alhaji da direba. Yaron mota, wanda ke zaune bisa kaya, sai washegari aka tsamo shi a wata fadama can ƙasa. Waken da aka ceto ya kumbura ya farfasa buhuna.

Da ya ba ɗansa wannan labari, yaron ya yi shiru, sannan ya ce: «Baba, wallahi maganar nan ita ce ake ji a bakin tabki. Mutum ya ga sawun wani bisa dusa, ya ce ai jiya an taka.» Sawun jiya yana nuna abin da wurin ya ɗauka jiya, a sanyin jiya ko a ruwan jiya, da nauyin wancan mutum ko waccan mota. Game da yau kuwa bai ce komai ba.

To amma akwai abin da ya kamata a faɗa don a yi wa Alhajin adalci, kuma dattijon shi ne na farkon faɗinsa. Mai laima in ya ga tabki bai yi ba, yakan naɗe kayansa ya koma gida ya sha shayi, bai yi asarar ko dala ba. Ɗan kasuwa kuwa bashi na bisa kansa, kuɗin hayar mota na tafiya, farashin aya ko wake ko gujiya na iya faɗuwa kamin kasuwa ta zagayo. Direba yana tsoron a ce masa matsoraci a karɓe makulli. Wanda ke wasa yana da sukunin yin hankali fiye da wanda ke neman abinci. Wannan gaskiya ce. Sai dai ita ce kuma ke ƙara nauyin maganar, domin idan mutanen da ba su da abin asara sai nishaɗin yini guda sun yarda su huda ƙanƙara duk taki sittin, ina ga wanda ya ɗora jarinsa duka, da motar wani, da ɗan wani bisa kaya? Kasuwar ƙauye duk mako take ci. Ribar mako guda ana iya mai da ita a mako na gaba, amma babu kasuwar da ake sayo yaron mota.

Abin da ake iya yi da fenti da tarho

A ganin wannan tsoho, mutanen Kebek ba su fi mutanen Gobir da Katsina sanin ruwa ba. Masunta da masu fito da makiyaya na Gulbin Maraɗi suna da sanin da ba a koyarwa a lakkol. Bambancin shi ne, can an mai da sanin lamba, an rubuta lambar inda kowa zai gani. Lamba kuwa tana raba gardama. Ranar da ya tsaya gaban Alhaji, maganarsa ce da ta Alhaji, kuma mai kaya ya fi ma'aikacin hanya murya. Da akwai turke a bakin mashigin, an shafa masa fari har santimita 30, ja daga nan zuwa sama, da direban ya sami abin nunawa ba tare da ya yi wa maigidansa musu ba.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar awo. Ba ya sayen hatsi sai da tiya, ba ya karɓar yadi sai an gwada, ba ya yarda da buhu sai ya caka ya ga abin da ke ciki. Abin mamaki ne mutumin da zai yi rabin awa yana gardama kan tiya guda ya shiga ruwa da tan goma bisa ga «an ce». Turke da gwangwanin fenti biyu ba su kai kuɗin buhu ɗaya na aya ba, kuma sandikar masu motoci tana da ikon ta kafa doka tsakanin ƴaƴanta: direban da ya tsaya don ruwa ya taɓa ja, ba a korarsa, ba a rage masa lada.

Ma'aikaci kuma yana da nasa rabon. An daɗe da kafa ma'aunin ruwa a Nyelwa kusa da iyaka, akwai kuma ma'aunan ruwan sama a garuruwa da ƙauyuka da dama. Tun 1971 Nijar da Najeriya ke da hukumar haɗin gwiwa, kuma a 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwayen da suka haɗa su, ciki har da Gada da Gulbin Maraɗi, da kuma Tagwai da El Fadama. Ruwa yana ɗaukar awoyi kamin ya gangaro daga iyaka zuwa Tibiri da Gidan Rumji, saƙon salula kuwa ƙiftawar ido ne. Lambar da aka rubuta a littafi don rahoton ƙarshen wata tana da amfani ga mai bincike, amma wadda aka faɗa a gidan rediyon ƙauye da asuba, ko aka aika wa sarkin tasha, ita ce ke tsai da mota. Tun da aka raba Gazawa da Agye a 2011, kowace ta zama gunduma, hukuma ta ƙara matsowa kusa da mashigai, kuma kowane magajin gari ya san waɗanda ke cin mutane a ƙasarsa, domin ba su da yawa, kuma su ne dai kowace shekara.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mai neman tabkin ƙanƙara yana tambayar ƙasa ko za ta ɗauke shi, yana tambayar iska ko za ta daidaita, yana tambayar kansa ta ina zai dawo. Duk mai tsayawa a bakin ƙorama da mota, ko da amalanke, ko da yara ƴan makaranta, yana da damar yin waɗannan tambayoyi, kuma abin da ake buƙata kara ne guda da haƙurin shan shayi biyu. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Kamin hadarin farko ya taso daga gabas akwai watannin rani da za a iya kafa turaku, a shafa musu fenti, a rubuta sunayen waɗanda za a kira in ruwa ya taso. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya, su da kayansu da yaransu.